Kwamfuta uku a gida ɗaya, sun ƙi gaisawa

1/ Jama'a ku matso, yau zan tona wa kaina asiri. 🧵 Labarin yadda kwamfuta uku da ke gida ɗaya a Getso suka daina magana da juna ana saura kwana 5 ƙanwata ta zana JAMB, da yadda ni "mai ilimin kwamfuta" na mayar da matsala ɗaya ta zama huɗu. Da ɗan tsawo, ku yi haƙuri.

2/ Ƙanwata ta taɓa zana JAMB sau ɗaya, ba ta samu makin da take nema ba. Ba don ba ta yi karatu ba fa. Ranar ce karon farko a rayuwarta da ta zauna gaban kwamfuta. Ta ce min hannunta rawa yake yi, gani take in ta danna wani abu komai zai goge.

3/ Ga wanda bai sani ba: tun 2015 JAMB ta bar takarda da fensir, kwamfuta zalla ake yi. Tambaya 180 cikin awa 2. Turanci 60, sauran darussa uku 40-40. Yaron da ya tashi yana wasa da laftof ɗin babansa a birni, da yarinyar garinmu, agogo ɗaya ake kunna musu.

4/ Kuma a gidanmu maganar ta wuce maki. Baffanmu ya riga ya faɗa a gaban kowa: a ƙara mata dama ɗaya, in ba a dace ba a yi abin da ya kamata. Duk 'yar Arewa da ke karanta wannan ta san fassarar "abin da ya kamata". Ita kuwa karatun jinya take so.

5/ Na yi ta bin Baba da magana har ya yarda. Ragon da yake kiwo don layya aka kai kasuwar Getso aka sayar, na haɗa da ɗan abin da na tara, na hau mota sai Kano. A wajen Beirut Road na samo laftof uku na hannu da wata 'yar ƙaramar rauta mai eriya biyu.

6/ Yaran gida ne suka raɗa musu suna. Mai ƙarfin cikinsu, Uwa. Ta biyu, Baƙa. Ta ukun murfinta ba ya tsayuwa sai an tokare shi da littafi, Wi-Fi ɗinta ma ya mutu, sai da waya take haɗuwa. Ita ce Gurguwa. Dukkansu batirinsu ba ya riƙe caji, wuta na tafiya suna bin ta.

7/ Tsarin da na yi mai sauƙi ne. Manhajar gwajin jarrabawa tana kan Uwa. Baƙa da Gurguwa burauza kawai suke buɗewa, su rubuta lambar Uwa, tambayoyi su fito. Makin kowa yana taruwa a waje ɗaya, in duba da daddare. Ba data, ba sabis, rauta ce kawai take haɗa su.

8/ Ku riƙe wannan jimlar ta ƙarshe, don ni da na shirya abin da hannuna ni na fara manta ta.

9/ Sati uku komai lafiya lau. Da safe ƙanwata da ƙawayenta biyu, bayan la'asar samarin unguwa uku. Iyayensu na ɗan ba da na caji. Na koya musu A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, da S ɗin nan na miƙa jarrabawa da kowa ke tsoron taɓawa. Har an fara ce min Injiniya a masallaci.

10/ Daren Lahadi aka yi wata iska mai ƙura, irin ta ƙarshen bazara mai alƙawarin ruwa ba ta cikawa. Aka ɗauke wuta, batirin inbata ma ya ƙare tsakar dare. Komai ya mutu. Wajen asuba aka dawo da wuta.

11/ Litinin da safe 'yan mata suka zo. Na kunna Uwa, lafiya. Na kunna Baƙa, na danna alamar da na maƙala musu a fuskar kwamfuta. Ta yi ta juyi, ta yi ta juyi, sai ga farin shafi: This site can't be reached. Gurguwa ma haka. Jarrabawa ranar Asabar.

12/ Abu na farko da na yi, wallahi kunyar faɗa nake ji. Na ce "netwok ne". Na sayi data, na kunna Wi-Fi ɗin wayata, na haɗa Baƙa da shi. Facebook ya buɗe tsaf. Tambayoyi ko gezau. Na tsaya ina kallonta kamar ta ci min amana.

13/ Mu 'yan Najeriya an horar da mu a kan kalma ɗaya. POS ya ƙi, netwok. Kuɗi bai shiga ba, netwok. Kira ya yanke, netwok. Har ta kai ko kwamfuta biyu da ke kan tabarma ɗaya sun ƙi ganin juna, sai mu ɗaga kai muna neman eriyar kamfani.

14/ Abu na biyu, na nemi wanda zan ɗora wa. Daren Lahadi kafin iska na ga Autanmu, ɗan shekara 11, a ɗakin yana buga wasan kati a kan Uwa. Shi ke nan na samu mai laifi. Na kira shi a gaban 'yan matan nan na yi masa tas.

15/ Yana cewa "Yaya wallahi kati kawai na buga, ban taɓa komai ba", ina cewa rufe min baki, ka san kuɗin ragon Baba ne a nan? Ya fita bai yi kuka a gabana ba. Da ma ya yi, da ya fi min sauƙi daga baya.

16/ Abu na uku, na shiga gyara irin na mai neman allura a duhu. Na zare duk wayoyin da ke bayan rauta na mayar. Na kashe na kunna ya fi sau goma. Na shiga saitin da ban san aikinsu ba na canja. Wani bidiyo a YouTube ya ce a danna reset, na samo tsinken tsintsiya na zura a ɗan ramin nan na danne.

17/ Rauta ta koma yadda ta fito daga kwali. Sunan Wi-Fi da na sa ya ɓace, na kamfani ya dawo. Na haɗa wayata da sabon sunan don in gwada, na haɗa Uwa. Wani saƙo ya fito a gefe yana tambayata wani abu da Turanci, ban ko karanta ba na danna No.

18/ La'asar ta yi, samari suka zo suka koma. Magariba Baba ya leƙo, ya dubi kwamfutocin, ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "To, Allah Ya kyauta." Wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wannan ta fi mari zafi.

19/ Ni ne ɗan fari, don haka Umma ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi min magana kai tsaye ba. Ina alwala a tsakar gida na ji tana ce wa ƙanwata, da ƙarfin da zan ji: "Ki gaya wa wancan, yaron nan bai ci tuwo ba."

20/ Talata da safe na ajiye girman kai na kira wani abokina da muka yi makaranta tare, yana aikin haɗa kwamfutoci a Kano. Na fara zuba: sun sayar min da ruɓaɓɓun kaya, rauta ta ƙone, yaro ya lalata... Ya ce, "Injiniya, tsaya. Me da me ka taɓa tun jiya?"

21/ Na fara lissafi, na kasa ƙarasawa. Ban ma tuna rabinsu ba. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Cire hannunka daga kan komai. Samo takarda da biro, da wanda zai rubuta. Yau tambayarsu za mu yi ɗaya bayan ɗaya, ba duka ba."

22/ Ƙanwata ta zauna da littafinta na Biology, ta buɗe bangon baya. Na sa wayar a sifika.

23/ Tambaya ta farko ga kowace kwamfuta: ke wace ce, a ina kike? A Windows, ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta cmd, baƙin allo zai fito. Ka rubuta ipconfig. Layi biyu kawai kake nema: IPv4 Address, lambarta ke nan, da Default Gateway, lambar rautar da take bi.

24/ Ga abin da ƙanwata ta rubuta:
Uwa: 192.168.0.101, ƙofa 192.168.0.1
Baƙa: 192.168.43.57, ƙofa 192.168.43.1
Gurguwa: 169.254.12.200, ƙofa babu
Na karanta wa abokina. Ya ce, "Malam, ai kwamfutocinka ma ba gari ɗaya suke ba."

25/ Bari in fassara yadda na fahimta. A irin rautar gida, lamba ukun farko sunan unguwa ne, ta ƙarshe lambar gida. 192.168.0 unguwa ce, 101 gida ne a cikinta. Kafin kwamfuta biyu su gaisa kai tsaye, sai unguwarsu ta zama ɗaya, gidajensu kuma daban.

26/ In kun lura, kusan duk inda kuka je 192.168 ɗin nan kuke gani. Ba haɗuwar baki ba ce. Tun 1994 aka keɓe rukuni uku don amfanin cikin gida: masu farawa da 10, masu farawa da 172.16 zuwa 172.31, da 192.168. Ba sa yawo a intanet. Gida dubu na iya amfani da lamba ɗaya ba rikici, tun da kowa a cikin katangarsa yake.

27/ Mu fara da Baƙa. Unguwarta 43, ta Uwa 0. Abokina ya ce duba sunan Wi-Fi ɗin da take kai. Na duba. Sunan wayata. Tun jiya da na haɗa ta don "netwok" take maƙale a can, kuma da na goge tsohon sunan rauta ba ta da inda za ta koma.

28/ Wannan ne ya rikita ni jiya. Alamar Wi-Fi cike, an rubuta Connected, Facebook na buɗewa. Duk gaskiya ne. Amma haɗuwa da wa? Tana iya kaiwa Amurka ta dawo, ba ta iya kaiwa kwamfutar da ke kamu biyu da ita. Na kashe na wayata, na haɗa ta da rauta. Ta samu 192.168.0.102.

29/ Sai Gurguwa. Duk ranar da ka ga lamba ta fara da 169.254, ma'anarta ɗaya: kwamfutar ta yi ta kira a ba ta lamba, ba wanda ya amsa, sai ta raɗa wa kanta. Waya a jone take, fitila na ƙyaftawa, amma mai rabon lamba bai ji ta ba.

30/ Abokina ya ce, "Juya rautar. Ramuka nawa ne?" Na ce biyar. "Kala ɗaya?" Na ce huɗu ruwan ɗorawa, ɗaya shuɗi. "Wayar Gurguwa tana wanne?" Shiru na yi. Ƙanwata ce ta amsa masa: "Tana shuɗin."

31/ Ramin da ya bambanta, wanda aka rubuta WAN ko Internet a ƙasansa, ƙofar waje ce, ta nan intanet ke shigowa in akwai. Sauran huɗun, LAN, su ne na 'yan gida. Jiya garin zare-zare na mayar da Gurguwa ta ƙofar baƙi. Girman ramukan ɗaya, kan wayar na shiga ɗas, har da ƙarar nan mai sa ka ji ka yi daidai.

32/ Na mayar da ita ruwan ɗorawa. Na rubuta ipconfig /release, sannan ipconfig /renew, wato ajiye tsohuwar lamba ki nemi sabuwa. 192.168.0.103. Yanzu duk ukun suna unguwa ɗaya. Na danna alamar tambayoyi ina murmushi. This site can't be reached. 😭

33/ Na ce ka gani ko, na faɗa maka kayan ne. Ya ce, "Wa ya ce ka buɗe burauza? Sallama za mu fara yi." Nan ya koya min ping yadda ya kamata. Na san kalmar tun a makaranta, na ma rubuta ta a jarrabawa, amma ban taɓa sanin tana da tsari ba.

34/ Ping sallama ce. Ka rubuta ping da lambar wanda kake nema, kwamfutarka ta aika ɗan saƙo sau huɗu tana jiran amsa. Wani Ba'amurke, Mike Muuss, ya rubuta ta a 1983, ya sa mata sunan ƙarar na'urar da jiragen ƙarƙashin ruwa ke aikawa su saurari dawowarta. Sama da shekara 40 ke nan, har yau ita ce sandar makaho.

35/ Tsarin shi ne daga kusa zuwa nesa. Ka fara da kanka: ping 127.0.0.1, wannan lambar kullum tana nufin "ni kaina". Sai rauta. Sai maƙwabciya. In akwai intanet, sai waje. Inda amsa ta tsaya, nan za ka tsuguna. Ba ka wuce matakin da bai amsa ba.

36/ Daga Baƙa: kanta, ta amsa. Rauta, 192.168.0.1, Reply from sau huɗu. Gurguwa ma ta samu rauta. To hanya lafiya, waya lafiya, rautar da na ce ta ƙone tana nan da ranta. Sai muka ce Baƙa ta yi wa Uwa sallama. Request timed out. Sau huɗu.

37/ A nan ne mutane da yawa ke ɓata. Ka yi sallama a zaure ba a amsa ba, abu biyu ne: ko ba kowa, ko ana ciki an ƙi amsawa. Muka juya, Uwa ta yi wa rauta sallama, ta samu amsa nan take. Ashe tana ciki, tana jin kowa, ita ce ba ta amsa wa kowa.

38/ Abokina ya ce, "Jiya da ka haɗa ta da sabon suna, ba ta tambaye ka komai ba?" Sai No ɗin nan ta faɗo min a rai.

39/ Windows na raba duk inda ka haɗa ta gida biyu: Public da Private. Public kamar kana tasha ne ko kasuwa, ka riƙe aljihunka, ba ka amsa kiran wanda ba ka sani ba. Private cikin gida ne. Tambayar da ta yi min ita ce, in bari sauran na'urorin nan su gan ni? Na ce a'a. Ta ɗauka a tasha take, katangar tsaronta ta rufe ƙofa.

40/ Kuma gaskiyarta. Da a wani otal ko makaranta na haɗa ta, abin da nake so ta yi ke nan. Izinin da na ba manhajar tambayoyi da rabon fayil tun farko na Private ne kaɗai. Da sunan Wi-Fi ya canja, a wajenta sabon wuri ne, ba ta san ɗakinmu ba ne.

41/ Wani zai ce kashe katangar gaba ɗaya mana ka huta. Na san masu gyara da yawa haka suke yi, abu ya yi aiki, a biya su, su tafi. Kada ku yarda. Don baƙo ɗaya ba a cire ƙyauren gida. Settings, Network & Internet, ka shiga bayanan Wi-Fi ɗin, ka mayar da shi Private. Ko minti ɗaya ba a yi.

42/ Na mayar. Baƙa ta sake sallama: Reply from 192.168.0.101. Gurguwa ma haka. Na yi kabbara. Na danna alamar tambayoyi. Ta yi juyi, ta yi juyi. Ta ƙi. Wallahi a lokacin ji na yi kamar in ɗauki ukun in kai su kasuwa a auna a kilo.

43/ Katin abokina ya kusa ƙarewa, nawa ya riga ya ƙare a data. Yana cewa bari ya yi tunani, sai ƙanwata ta ce a hankali, irin muryar wadda ke tsoron a yi mata irin ta Auta: "Yaya, ba 100 ba ce?"

44/ Na ce me? Ta buɗe shafin farko na littafin. Ranar da muka fara, na sa ta rubuta lambar Uwa da hannunta don ta saba da maɓallai, ita kuma ta kwafe a littafi saboda tsoron mantuwa. 192.168.0.100. Ta juya bangon baya, abin da ta rubuta yau: 192.168.0.101.

45/ Alamar da na maƙala musu tana zuwa gida mai lamba 100. Uwa ta tashi daga nan tun asubar Litinin. Kwana biyu muna buga ƙofar gidan da ta bari. Na goge sifili na sa 1. Tambayar Turanci ta farko ta fito ɓaro-ɓaro. Abokina daga sifika: "Wace ce wannan? Ita za ka ba Injiniyan."

46/ Ga asalin abin da ya faru. Rauta ce ke rabon lambobi, tsarin da ake kira DHCP. Irin tawa daga 100 take farawa. Kamar ɗan kamasho a tasha take: motar da ta riga shigowa ita ce a kan layi. Kuma lambar aro ce, ba mallaka ba. Da wuta ta ɗauke, ta manta layin jiya.

47/ Da aka dawo da wuta da asuba, rauta ta tashi, Uwa na kashe. Wani ya riga ta shiga ya karɓe 100. Na shiga shafin rauta, 192.168.0.1 a burauza, na duba jerin waɗanda ta ba lamba. A gaban 100, sunan wayata. Ita ce ke kwana a caji kusa da rauta, ita ce kuma na fara haɗawa bayan reset.

48/ Ku lissafa da ni. Matsalar da iska ta kawo ɗaya ce, gyaranta canja lamba ɗaya tak. Baƙa a kan wayata, ni. Gurguwa a shuɗin rami, ni. Uwa a Public, ni. Na Auta a ciki: ya buga kati.

49/ Abin da ya fi ci min rai, da safiyar Litinin na rubuta ipconfig a kan Uwa kafin in taɓa komai, da kafin shayi ya huce an gama. Na san umarnin. Abin da ban iya ba shi ne zama in duba alhali mutane na tsaye a kaina suna jiran Injiniya ya yi wani abu. Taɓe-taɓen nan duk don a ga ina motsi ne.

50/ Gyaran dindindin: a shafin rauta akwai wajen keɓe lamba, galibi Address Reservation ake rubutawa. Kowane katin sadarwa na da lambar da aka haife shi da ita, MAC, za ka gan ta da ipconfig /all a layin Physical Address. Na ɗaure ta Uwa da 192.168.0.100. Ko wa ya riga zuwa, wannan kujerar tata ce.

51/ Wani ɗan tarko a nan: sababbin wayoyi da Windows na iya ɓoye MAC ɗinsu na asali su riƙa nuna na bogi a Wi-Fi, don kada a bi sawunsu. In wannan saitin na kunne a kwamfutar da ka keɓe wa lamba, wata rana rauta ba za ta gane ta ba. Na duba na Uwa, a kashe yake.

52/ Na canja kalmar sirrin shiga rauta, don reset ya mayar da ita wadda ke rubuce a ƙarƙashinta, kowa na iya ɗagawa ya karanta. Sannan muka gwada da gangan: muka kashe komai, muka kunna a hargitse, wayata farko, Uwa ƙarshe. Tambayoyi suka fito. Sau uku muka yi kafin na yarda.

53/ Ƙanwata ta yage takarda ta rubuta da babban rubutu, muka manna a bango da salatif: sunan kowace kwamfuta, lambarta, ramin da wayar Gurguwa ke shiga. A ƙasa ta ƙara layin da ban sa ta ba: "Kafin a taɓa, a duba." Na yi kamar ban gani ba.

54/ Saura Auta. Ku da kuke da ƙanne kun san ba a koya mana yadda babba ke ba ƙarami haƙuri ba. Na yi ta zagaye. Na sayo masa tsire da yamma, ya karɓa ya ce an gode, ya kai wa Umma bai ci ba. Yaron nan ya san abin da yake jira.

55/ Laraba da safe, a gaban 'yan matan da na yi masa faɗa, na kira shi. Na ce ba kai ba ne, ni ne, ka yi haƙuri. Kalma tara ce, amma sai da na ji kamar ina haɗiyar ƙaya. Ya dubi ƙasa ya ce, "Ba komai Yaya." Sai ya ɗago: "To zan iya buga katin?"

56/ Mun rasa Litinin da rabin Talata. Laraba, Alhamis, Juma'a suka yi cikakken gwaji sau biyu kullum, awa 2 cur, da agogo. Ranar Juma'a da rana aka sake ɗauke wuta ina kasuwa. Kafin in dawo ƙanwata ta tayar da komai, ta yi ping, ta zaunar da ƙawayenta. A bakin Auta na ji.

57/ Asabar bayan sallar asuba muka kama hanyar Kano, cibiyar da aka tura ta can take. Na zauna a waje ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya tare da sauran iyaye da yayye, kowa na jan carbi ko danna waya.

58/ Da ta fito na taso ina tambaya, ya Chemistry, lokaci ya isa, hannu bai yi rawa ba? Ta ce lokaci har ya yi saura. Sai ta ce, "Yaya, ka san su ma duk waya suka ja? Kowace kwamfuta da tata, ɗaruruwa, duk sun tafi waje ɗaya. Na so in ga Uwarsu, ba a bari."

59/ Masu tambaya a DM: eh, kwamfutocin na nan, masu shirin baɗi sun fara zuwa. Gurguwa yanzu littafi biyu take buƙata kafin murfinta ya tsaya. Wanda nasa suka ƙi ganin juna, ya turo min hoton ipconfig na kowacce, ba hoton eriya ba.

60/ Baba kuma har yau bai ce komai a kan ragon ba. Amma shekaranjiya na ji shi a ƙofar gida yana gaya wa Baffa wai yarinyar nan ce ta gyara kwamfutocin da suka gagari yayanta. Ina tsaye a zaure, ban fito na gyara masa labarin ba.